Dutsen da Ya Raba Ka da Baƙi'a

Zuwa ga Likita, Baban yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ƙasar da kake kwance a cikinta ta yi maka sauƙi. Mu nan Madina lafiya lau muke, sai zafi, wanda na san yanzu ba ya cikin damuwarka.

Na rubuto ne in sanar da kai na je inda kake kwance. Ɗanka Abba ya kai ni, bayan shekarun da ya yi yana bi na da magana ɗaya. Ka san 'ya'yanka, kana yi musu Hausa suna mayar maka da Larabci: "Ya ummi, samihi," wato in yafe maka. Tun a zaman makokinka matan unguwar Aƙiƙ suka kewaye ni suna jiran in ce na yafe, kamar yadda ake son matar mamaci ta faɗa. Na ce Allah ya jiƙanka, na sake cewa Allah ya jiƙanka. Ɗaya kalmar ba ta fita ba, kuma Abba ya lura. A ganinsa, in na tsaya a kan kabarinka zuciyata za ta yi laushi.

Bari in tuna maka dalili, ko da mutuwa ta mantar da kai.

Kai ne mutumin da ba ya barin Madina. Hutun asibiti ya zo, abokan aikinka su watse, kai kana nan daram. Ko Jidda muka je, ba ka da sukuni sai an juyo. Kullum maganarka ita ce: "Wanda Allah ya ajiye kusa da Baƙi'a ya tashi yana yawo, shi ya so." Ban ga laifinka a nan ba. Wa ke ƙin a rufe shi a maƙabartar sahabbai? Abin da ya ƙona ni shi ne ka ɗaure ni da burinka kamar akuya a turke.

Shekarar da Inna ta kwanta ciwo a Gusau, wata alhajiya ta kawo mini kaset daga gida. Na sa shi a rediyon kicin. Muryar mahaifiyata ta dishe, tana magana tana tsayawa ta ja numfashi. Ba ta roƙi magani ba, ba ta roƙi zamzam ba, ta ce in zo ta gan ni. Iƙamata kuwa, wato takardar izinin zamana, a ƙarƙashin taka take, ba ni da bizar fita da dawowa sai da sa hannunka. Na durƙusa maka a falo. Ka saurari kaset ɗin har ƙarshe da kunnen likita, ka ce da wannan numfashin ba za ta kai in isa ba, hanya kuma ba ta da tabbas, in na mutu a can fa? Ta kai, Likita. Damina guda ta yi tana jira na.

Ranar da na dawo daga kabinar waya da labarin rasuwarta, ka ce mini: "Ƙasa duk ta Allah ce, inda mutum ya faɗi nan ake rufe shi." Sannan ka ci tuwonka, har ka nemi ƙarin yaji.

Bayan wasu shekaru aka gayyace ka taron likitoci a Suwizalan. Sai ga mutumin Baƙi'a a gaban madubi yana gwada rigar sanyi, yana juyi kamar ango. Na ce, to Baƙi'ar fa? Ka ce ai 'yan kwanaki ne.

Daktor Usman, abokin aikinka Basudane, shi ya bugo mini waya. Ya ce ranar hutun taro aka kai ku wani dutse da tabkuna suka zagaye. Akwai ɗan jirgin da ke hawa da mutane har ƙoli, ka ƙi, ka ce da ƙafa za ka hau. Kai da ko Dutsen Maharba na Uhudu ba ka taɓa takawa ba, wanda tsofaffin alhajiyoyi ke hawa da silifa! Likitan zuciya guda, ka kasa jin taka zuciyar tana ba ka haƙuri.

Daktor Usman, bawan Allah, ya yi ta zirga-zirga a ofisoshi, a ƙarshe aka nuna masa mayar da gawar baƙo Madina ba mai yiwuwa ba ne. Yayanka ya ce a kai ka Kano. Hukumomin can suka ce sai abin da matarka ta yarda da shi. Ban ƙara ko harafi ba, karatunka na biya musu: inda mutum ya faɗi nan ake rufe shi. Danginka sun daina gaishe ni tun daga ranar. Ko gobe aka sake tambaya ta, amsar ke nan.

To na hau dutsen naka, da ƙafa ni ma, cikin abayata da kambas ɗin jikarka, da sandar da Abba ya aro mini. Gwiwoyina sun yi ƙara, na yi ta hutawa, tsofaffin Turawa suna wuce ni suna ɗaga mini hannu. Hanyar ta bi cikin wasu dogayen itatuwa masu ƙamshi, ta fita fili, ciyawa shar har inda ido ya tsaya. Shanunsu ƙosassu da ƙararrawa a wuya, ba makiyayi ba sanda. Ruwa yana fitowa daga jikin dutse, na tara hannu na sha, sanyinsa ya kama mini haƙora. Can sama kuwa ga ƙanƙara fari fat, a tsakiyar abin da su suke kira lokacin zafi.

Daktor Usman ya kwatanta wa Abba wurin da ka faɗi: wani bencin katako a kan kwana, kafin a kai ƙoli. Muka same shi. Da na zauna na duba ƙasa sai na manta da gwiwoyina. Tabkunan ne shimfiɗe ta kowane gefe, wannan shuɗi kamar ruwan bula, wancan kore, jiragen ruwa a kansu ƙanana kamar tsinken ashana. Abba ya koma gefe yana kuka. Ni na buɗe filas na zuba shayi, na ci dabino, kuma ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa jin daɗin shayi irin na ranar ba.

An ce a nan ka cire hula, kana haki kana dariya, ka ce: "Ashe haka duniya take." Wannan dariyar na san ta. Ita ce ta ɗalibin nan na Zariya mai tsohuwar basfa, wanda ya kai ni bakin dam ina amarya, ya cire takalmi ya shiga ruwa har gwiwa don kawai in yi dariya. Na daɗe ban gan shi ba, tun kafin tsoron mutuwa a wani gari ya cinye shi. Ashe nan ya zo ya ɓuya. Na ji daɗi da idonka ya ga wannan wuri, na kuma ji haushin da ba da ni ka gan shi ba.

Washegari muka je kabarinka, a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a gefen tabki. Da a Baƙi'a ka kwanta, sai dai in leƙa ta shinge, mata ba sa shiga. A wannan maƙabartar kuwa babu mai hana ni, har ciyawa na cire maka. Mai kula da wurin ya ce da sanyi ƙanƙara ke rufe kaburburan gaba ɗaya. A nan ne hawaye ya ci ƙarfina. Kai da ke kwana da safa in an kunna esi, Baban yara.

Abba ya tsaya yana kallon bakina, sai na faɗa da ƙarfi yadda zai ji: na yafe. Kuma da gaske nake. Durƙuson da na yi a falo, faɗan da ba dalili, ƙuruciyata da ta ƙare tsakanin kicin da tagar da ba a buɗewa, duk na yafe maka duniya da lahira. Yaron ya rungume ni, ya dawo gida da sauƙin zuciya, ban ɓata masa ba.

Sauran maganar taka ce kai kaɗai. Ƙanwata ta gaya mini Inna ta sa an juya mata gado ya fuskanci ƙofa, duk sallamar da aka yi a zaure sai ta ɗaga kai ta kira sunana. A haka ta cika. Wannan ba hakkina ba ne balle in yafe. Mai shi tana can inda kake, ka neme ta da kanka.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yalwata shi, ya kare ka daga sanyin ƙasar can. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta fi ni taushin zuciya.

Wassalam.
Matarka, Hajiya Uwani,
Aƙiƙ, Madina.