Zoben Jikin Bangon Shago

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Ya aikin walda, ya kuma idon nan naka? Ni dai gwiwa ce take tuna mini shekara goma sha shida da na yi ina tsalle a filin ƙwallon kwando.

Na san ba ka buɗe saƙona a waya, shi ya sa na koma takarda. Ranar Asabar ta sama ƙungiyarmu za ta rataye rigata a filin wasa don karrama ni, babu mai ƙara sa lambar da ke jikinta. An ce in zo da mutum ɗaya ya tsaya kusa da ni. Kai nake so.

Ban manta abin da na faɗa wa 'yan jarida shekara tara da suka wuce ba, wai ni na gina kaina, babu wanda ya kama mini. Tun ranar gaisuwarmu ba ta wuce "lafiya lau".

Jiya na je tsohon shagonka da za a rushe, na ciro zoben jefa ƙwallon da ka lanƙwasa mini da rodi ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ina riƙe shi na ji bai kai na gaske ba. Da na auna, faɗinsa ya gaza da yatsa biyu. Ashe shi ya sa da na shiga ƙungiya na ga kwandonsu kamar bakin rijiya, na yi ta zubawa har ake cewa baiwa ce. Ni ma na yarda, kaina ya kumbura. Kai kuwa ko a ƙofar akurki ba ka taɓa kuskuren awo ba.

Kunya ta ishe ni, Yaya. Ka yafe mini.

Ƙaninka da ka raɗa wa Tsani.

Yaya,

Bayan gaisuwa, amsarka ta iso, layi biyu cur. Wai tef ɗinka na awo ne ya lalace a lokacin, kuma wai ba ka da takalmin shiga taro. Na yi dariya har da hawaye. Nawa takalmin ba zai yi maka ba, sai dai ka kwana a ciki. Ka ma daina wahalar da kanka, Anti ta riga ta tsegunta mini ka kai kayanka guga.

Autata ta fara jefa ƙwallo a kwandon wanki. In za ka taho, ka lanƙwaso mata zobe. Don Allah ka nemo wancan tef ɗin da ya lalace.

A gaida kowa da kowa.

Naka,
Tsani