Na'urarku Ta Yi Wa Mahaifina Askar Gobirawa

Zuwa ga Mushe (wato Malam) Darakta na kantin sayar da na'urorin ofis da ke Maourey, Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ya muka ji da wannan shekara ta fari? Allah ya kawo mana sauƙi.

Sunana Hadiza Mamman, malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a Lamordé, 'yar Damagaram. Na zo kantinka sau huɗu, kullum a ce ka fita. Ƙafata ta gaji, shi ya sa na kawo maganar jarida.

Na ɗaya. A wurinka na sayi ƙaramar na'urar buga takarda ta gida, don jarrabawar ɗalibaina. A wurinka kuma na sayi kartushin tawada sabo cikin kwalinsa, aka ce na asali ne. Tun takardar farko take jan layuka a kwance. Ban damu ba, tunda rubutu na karantuwa.

Na biyu. Bana gero bai yi ba a ƙauyenmu. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka daina ɓoye maganar yunwa, amma daina ɓoyewa bai cika rumbun kowa ba. Na ɗauko Baba na kawo shi wurina. Tsoho ne, mantuwa ta kama shi, ba ya jin Zabarmanci balle Faransanci. Wata Talata da safe ina lakwal, ya ce wa maƙwabciyata zai leƙa gona ya dawo. Har yau da nake rubutun nan bai dawo ba.

A ranar na kai rahoto komisariya wurin 'yan sanda, na dawo na buga sanarwar cigiya da hotonsa ɗaya tilo da nake da shi. Hoton ya fito da layuka. Na bi duk abin da littafin na'urar ya ce. Na buga takardar gwaji, na sa ta wanke kan da ke fesa tawada har sau biyar, na daidaita shi, na canza takarda, na zaɓi bugu mafi kyau. Na ciro kartushin na goge bakinsa da jiƙaƙƙiyar auduga. Kowane wanki sai ya sha tawada, layukan kuwa suna nan daram. Na kira ma'aikacinka, ya ce zafi da ɗauke wuta ne suka busar da ita, in ƙara wankewa. Na ƙara.

Nan zan faɗi laifina, don kada a ce na ɓoye. Da idona na ga layukan, amma na manna takardun a masallatai da tashoshin mota. Sauri nake yi, kuma ni in na duba hoton Baba kawai nake gani. Ban tsaya na tuna cewa baƙon ido ba haka zai gani ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin wasiƙar nan. A hoton, Baba na sanye da farar riga da farin rawani, jingine da farin bango. Layukan ba su fito a kan fari ba. A kumatunsa kaɗai suka fito, jere daga baki zuwa kunne, kamar wanzami ne ya zauna ya tsaga. Duk Bahaushen da ya kalli takardar, Bagobiri ya gani. Mahaifina kuwa ko ɗigon aska babu a fuskarsa.

Bayan kwana goma sha ɗaya na je tashar motocin gabas da ainihin hoton a hannuna. Wani direba, Malam Isufu, yana gani ya dafe kai yana salati. Ya ce shi ya ɗauki tsohon nan ranar Talatar don tausayi, tsohon ya sauka salla a Doso, aka nema aka rasa. Ya ce washegari ya ga sanarwata a bangon tasha, har ya tsaya ya duba da kyau, sai ya ce a ransa wannan Bagobiri ne, nasa tsohon ba shi da aska. Ya wuce abinsa. Da ya kira ni a ranar, tafiyar rabin yini ce kawai tsakanina da Baba. Na je Doso, masu shayi sun tuna da shi, amma babu wanda ya san inda ya nufa.

Na huɗu. Wani mai gyara a kasuwa ya ɗaga tambarin kartushin ya nuna mini ramin allura. Tsohon kartushi ne aka ɗura wa tawada aka mayar cikin kwali. Ban ce kai ka ɗura ba, Mushe. Amma kantinka ne, kuma da na nuna wa ma'aikacinka ramin, kafaɗa kawai ya ɗaga.

Wallahi na gaji. Ko ƙarfin faɗa ba ni da shi. Abu biyu nake roƙo. Ka buɗe kwalayen da suka rage ka duba, kafin wani ya buga abin da ya fi jarrabawa muhimmanci. Sannan na buga sabuwar sanarwa mai tsabta a gidan hoto, na bar guda ɗaya wurin mai gadinka. Ka manna ta a ƙofar kantin, direbobi da 'yan kasuwar gabas na wucewa ta nan. Tsofaffin takardun da na manna kuwa ina bi ina yagewa da hannuna, amma ban san iya inda suka kai ba. Jiya wani bawan Allah ya kira ni da murna, wai ya ga tsoho mai aska a bakin gada.

Allah ya tsare maka iyayenka in suna raye, ya jiƙansu in sun riga mu. Allah ya sa kada ka taɓa tsayawa a tasha kana rantsuwa cewa wannan ba fuskar ubanka ba ce.

Wassalam, daga wadda har yanzu take jiran kira,
Hadiza Mamman, Lamordé.