Inna ta wanke gidan kifi

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali, ya sanyin Jos? Mu nan Karaye lafiya lau, ban da kifayenka.

Na haɗa matatar ruwan a ƙaton akwatin gilashin kifin yadda ka ce. Ina rage ruwa kaɗan in ƙara sabo, soson matatar kuma a tsohon ruwan nake ɗauraye shi. Inna ta gani, ta ce wannan ƙazantar ba a gidanta ba. Ina tafiya kasuwar Rogo, ta dirje komai da omo kamar randa. Gilashi yana ƙyalli, rabin kifin sun mutu. Wai tarwaɗa ba ta da wannan iyayin.

Ka gaida Hauwa da yara. A sa mu a addu'a, musamman sauran kifin, don Inna ta ce Juma'a za ta sake wankewa.

Ƙanenka,
Bashir