Ta'aziyyar Baba Sahabi, Wanda Ya Faɗi a Layin Lodin Albasa

Cikin alhini, da ɓacin ran da ba za mu iya ɓoyewa ba, Ƙungiyar 'Yan Mata Makaranta Littafi ta Tauraruwa, Illela, ta samu labarin rasuwar ubanmu kuma majiɓincinmu, Malam Sahabi Attahiru, mahaifin ƙawarmu Raliya, wanda ya yanke jiki ya faɗi ranar Lahadi bayan azahar yana lodin albasa.

Baba Sahabi bai yi boko ba, amma a zaurensa muke haɗuwa, kuma shi ke roƙon direbobin Sakkwato su taho mana da sababbin littattafai. Shekara ashirin da uku yana saɓa buhu a kafaɗa, bai taɓa shigowa gida da fuska a murtuke ba.

Mun yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, amma mun ji yadda abin ya faru. Wurin lodin ba rumfa, ba randa, kuma tsarin mai wurin shi ne duk wanda ya bar layi don shan ruwa, an ba wani gurbinsa. Baba ya ce yana jin jiri, bai fita ba. Da gumi ya ɗauke masa, abokan aikinsa suka ɗauka jikinsa ne ya huce, sai a asibiti suka ji cewa alamar zafi ya ci ƙarfinsa ke nan. Ba wanda ya taɓa gaya musu. A littattafan da muke karantawa, in mutum ya faɗi rugawa ake yi da shi. Shi kuwa jingina shi aka yi da taya, sai da mota ta cika sannan aka kai shi asibiti.

Muna kira ga masu girma 'yan majalisar jiharmu da su yi doka: a tsayar da lodi daga ƙarfe sha biyu zuwa la'asar duk bazara, a wajabta inuwa da ruwa, wanda ya sha ruwa ya koma gurbinsa. Albasar ma fa lulluɓe ta ake yi kada rana ta ɓata ta. Mi ya sa mutum bai kai albasa ba?

Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba matarsa Inna Jamilatu da Raliya haƙuri da juriya. Allah kuma Ya tsare ƙanensa Hamidu, wanda gida biyu suka dawo wuyansa, don Lahadi mai zuwa wannan layin zai shiga.

Mahbuba Zulkiflu
Sakatariyar Yaɗa Labarai