Kipli da Hannun Adda

Zamboanga, ranar Talata

Daga Koci Fulgencio, babban mai horar da 'yan besbol, wasan dukan ƙwallo da sanda, na kamfanin kifin gwangwani, wanda sunansa ya kai har Manila, zuwa ga Jumdail ɗan Asanji, lebura a gonar kwakwar manja da ke bayan Sandakan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Darwisa da jaririn da har yau ba ku aiko wa kowa hotonsa ba. Allah Ya tsare ka daga macizan gona da mugun shugaban leburori, Ya sa albarka a guminka, amin. Duk da yawan ayyukana na taka har gidanku, kuma kowa lafiya. Mahaifiyarka sai ciwon gwiwa in hadari ya haɗu. Ta ce a gaya maka mayafin ya iso, launinsa na 'yan mata ne, amma tana yafawa ranar Juma'a. Mahaifinka har yanzu kafaɗarsa ta dama ba ta ɗaguwa sama da kunne, yana zaune bakin wutar busar da kwakwa yana faɗa da kaji. Ƙanwarka Nurhaida ta ƙara kumatu, ta kuma rantse in na rubuta haka sai ta zuba mini gishiri a kofi, maganar da ba ta dace a faɗa wa babban mutum irina ba.

Dalilin takardata shi ne ƙaninka Julkipli, wanda kuke kira Kipli. Ranar Asabar za mu yi gwajin ɗaukar sababbin 'yan wasa. Ka san tsarin, duk wanda ƙungiya ta ɗauka, kamfani na ba shi aikin manna takarda a jikin gwangwani, ya yi wasa da yamma, ya kwana a gidansu. Yaron nan ba shi da takardar boko, allonsa kawai ya sani, don haka babu wata ƙofa da zai bi ya shiga kamfanin sai wannan. In ya faɗi, Kawu Sahibul ya riga ya samo masa gurbi a jirgin kamun kifi da zai tashi ranar Litinin, irin wanda ke yin watanni bai ga ƙasa ba. Kai ma shaida ne, wannan yaro ko kwalekwale ya hau zuwa tsibirin da ake hangowa daga masallaci sai ya amayar da abincin jiya.

Gudu yana da shi, cafe ƙwallo yana da shi, baki kuwa ya yi masa yawa. Dukan ƙwallo ne babu. In ya riƙe sandar nan taka da ka bar masa, sai ya ɗaga ta can saman kai, ya sauko da ita daga sama zuwa ƙasa da iyakar ƙarfinsa. In ya kuskure, sandar ta haƙa rami. In ya samu, ƙwallon ta nutse a gaban yatsun ƙafarsa, ta yi ɗan tsalle kamar kwaɗo, ta gangara hannun mai jifa. Ba sai na faɗa maka inda ya samo wannan ba. Tun da ka tafi, shi ke fasa kwakwar gidanku da adda daga asuba zuwa azahar, hannunsa bai san wata hanya ba sai ta sara. Da ya fito fili yara ke ihu a kawo kwano, ga mai kwakwa ya iso. Nonoy, mai jifan nan ɗan unguwar coci, yakan tambaye shi ko danya yake so ko busasshiya kafin ya jefo. Mai cafe ƙwallo da ke tsugunne a bayan Kipli kuma sai ya tara safar hannunsa a ƙasa, wai kada ruwan ya zube a banza. Kipli yakan rama, ya ce wa Nonoy ai gara mai fasa kwakwa da wanda kansa ne kwakwar. A yi dariya, shi ma ya yi, ya koma benci.

Kada ka ce ba a koya masa ba. An ce ya buɗe ƙafa daidai kafaɗa, ya ɗora nauyinsa a ƙafar baya. An ce ƙugu ne ke fara juyawa, hannu biyo baya yake yi, diddigen baya ya murɗa kamar mai kashe guntun taba. An ce gwiwar hannu ta bi jikin haƙarƙari, sanda ta zo a kwance, kamar zai share kofuna daga kan tebur, kai kuma kada ya motsa. Yaron ya ɗauki abin da gaske, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya rataya tsohuwar taya a jikin mangwaron bayan gida. Ya ɗaura igiya daidai ƙugunsa tsakanin bishiya biyu, yana bi ta samanta da sanda ba tare da ya taɓa ta ba. Nurhaida na jefo masa marafen kwalba tana zaginsa, wai ko kakarsu da taɓarya ta fi shi saiti. Kuma wallahi kafin magariba abin yakan gyaru. Ranar Alhamis da ta wuce ya ɗauke wata ƙwallo ta haye katangar masallaci ta faɗa cikin awakin liman, Nonoy ya tsaya baki buɗe. Amma gari na wayewa ga tulin kwakwa na jiransa. Kafin azahar adda ta warware duk abin da aka ɗinka jiya, ya dawo fili yana sara kamar ba a taɓa ce masa komai ba.

Ya nemi dabara. Ya kafa turke daidai ƙugunsa, ya ɗora kwakwa a kai, wai zai riƙa fasa ta a kwance, ya haɗa aiki da horo. Ta farko ta tashi ta fasa tukunyar Inna, ta biyu addar ta zame ta wuce ƙaurin Nurhaida da kaɗan, mahaifinku ya tumɓuke turken ya jefa a wuta. Ya je wurin malaminsu neman addu'a. Malam ya yi masa, amma ya ce masa jiki ma hadda yake yi, kuma mai bita da safe ya fi mai bita da yamma riƙewa. Daga nan ya roƙi mahaifinku ya ɗaga masa sara na mako ɗaya kawai. Tsohon bai yi faɗa ba. Ya ce motar mai sayen kwakwa na zuwa Juma'a, in ta tafi ba kaya sai wani watan, amma ba komai, ya je ya yi wasansa. Ya tashi ya ɗauki addar da kansa. Ya ɗaga ta iya kunne, ya kai sara, ta suɓuce ta faɗi, ya zauna dafe da kafaɗa. Kipli ya sunkuya ya ɗauke ta, ba a sake tayar da maganar ba.

Niyyar yaron ita ce ya tambaye ka asirinka. Yana cewa ai kai ma ɗan gidan kwakwa ne, amma dukanka a kwance yake fita, har yau tsofaffi na nuna rufin kwanon da ka lotsa a bayan fili. Yana wannan surutu jiya mahaifiyarku na tuƙa rogo, sai ta ce masa kai yaro, wane asiri, yayanka ai bai taɓa fasa kwakwa ba. Ta ce lokacin Kipli na makarantar allo da safe, bai gani ba. Ɗauko kaya kake yi, da ɓanɓare ƙwaya, da iza wuta, amma adda mahaifinku ya hana ka taɓawa, wai kada hannun yaronsa ya lalace. Saran mutum biyu ya yi shi kaɗai shekara da shekaru. Ta ce kafaɗar nan da ake gani, a nan ta tafi. Ba laifinka ba ne da ƙungiyar da ta ɗauke ka ta watse, ba laifinka ba ne da ka tsallaka neman abin riƙe iyali, kuma babu mai cewa haka. Kawai dai kafaɗa ɗaya gidan ke da ita ta bayarwa, kuma an riga an bayar.

Saboda haka, a matsayina na masani, ina sanar da kai kada ka sa rai. Zai zo ranar Asabar, zai gyara tsayuwa yadda aka koya masa, zai yi bisimilla, hannun kuma zai yi abin da ya saba. Ɗan kasuwar da zai kawo maka takardar nan sai Lahadi jirginsa zai tashi, kafin ka karanta an gama komai. In za ka ba da amsa, ka faɗi yadda za a yi da sandarka, don ba a hawa jirgin kifi da ita, kuma mahaifiyarka ta fara auna ta da ido, tana cewa za ta yi daɗin dakan rogo.

Ka gaida Darwisa da jariri, ka gaida Gwaggo Jaura in ka shiga gari, da ɗanta Muksan mai bakin tsiya. Inna da Baba da Nurhaida suna gaishe ka, Kawu Sahibul ma haka.

To, Yaya, na san tun layin farko kake murmushi, don wane Koci Fulgencio ne zai yi maka sallama ya kuma rubuto da ajami? Mutumin bai taɓa taka gidanmu ba. Na tambaye shi ko ya tuna ka, ya ce wane ne haka. Ni ma bai san sunana ba, Kwakwa yake kirana. Na ari bakinsa ne don da nawa na kasa faɗa maka. Kada ka gaya wa Baba na san maganar kafaɗar. Ka yi mini addu'a, ba ta Asabar ba, ta Litinin.

Ƙaninka, Kipli.