Yajin Mai Giɓi

Litinin, 6 ga Fabrairu, 2017

Wasiƙa daga jami'ar da 'yata Shondra take. Shafi uku. Ni da na gudu daga makaranta a aji tara, sai da matata Odessa ta karanta mini sau biyu, na biyun da ƙarfi, kamar kurma ta aura. Wai hoton da ke jikin kwalbar yajin da nake sayarwa ya saɓa wa dokar 'yan wasan jami'a: ba a talla da fuskarsu, ko da ubansu ne mai tallar. In ban cire ba kafin 17 ga wata za a dakatar da ita daga ƙwallon kwando, karatun kyautar da ƙwallon ya samo mata ma yana iya bin ruwa.

Hoton nan tana shekara shida na ɗauke shi, haƙoran gaba biyu babu, kan tarwaɗa a hannunta. Shekara goma sha huɗu yana kan kwalba. Lokacin ina jami'ar take?

Laraba, 8 ga Fabrairu

Ba zan cire ba.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Na kira mai wasiƙar, wani Mista Ledbetter, murya kamar ta mai sayar da akwatin gawa. Na ce, "Yallaɓai, fuskar nan ni da matata muka ƙera ta, ko hanci ba ku kawo gudummawa ba." Ya ce doka ce. Na ce to rigar nan mai lamba 31, lambar Shondra, da kuke sayarwa dala tamanin fa? Ya ce ai babu suna a jiki, lamba ce kawai. Wato haka nan yaran Mississippi suka wayi gari suna son talatin da ɗaya.

Na rantse wa Odessa ko kyauta aka ba ni rigar ba zan sa ba.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Ina suyar kifi dabara ta faɗo mini. Na ɗauko baƙin alƙalami mai kauri na yi wa hoton gashin baki, kwalba arba'in. Duk wanda ya tambaya, kawuna Purvis ne yana yaro. Dikon Tolliver, dattijon cocinmu, ya yi dariya har ya sayi uku. Odessa ta ce, "Cleon, wai yaushe za ka girma?" Na ce sai an aiko da wasiƙa.

Talata, 14 ga Fabrairu

Wani ya ɗauki hoton kwalbar da waya ya watsa. Ledbetter ya gani, kuma mutumin bai san wasa ba. Jiya a benci Shondra ta kalli wasansu, wai har a gama bincike.

Su bincika. Za su tarar da barkono da tafarnuwa.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Shondra ta kira. Na fara mata labarin kawu Purvis, ba ta yi dariya ba. Shondra da ke dariya tun ban kai ƙarshen zance ba. Ta ce, "Baba, kai ke da gaskiya, duk ƙungiyarmu an sani. Amma kai ke da gaskiyar, ni ke da bencin." Ta ce saura shekara ɗaya ta karɓi digiri. Ba ta ce babu wanda ya taɓa yi a gidanmu ba. Ba sai ta faɗa ba, ai ni ne gidan.

Na ce layin ba kyau. Layin lafiya lau yake.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Duk kwalaben cikin bahon wanka, da ruwan zafi. Takardun suka yi ta tasowa, ko'ina ƙaramar fuskar nan tana yi mini murmushi a kan ruwa. Ba don Ledbetter ba ne. Dama gam ɗin ya tsufa.

Odessa ta ɗauke ni sabon hoton da za a manna wa kwalba. Ni ma ina da giɓi, don haka sunan yajin, Mai Giɓi, bai yi ƙarya ba. Ta duba ta ce yanzu har ɓera zai kora.

Lahadi, 19 ga Fabrairu

Shondra ta dawo fili, maki goma sha tara ta ci. Da ta jefa na farko ta waiwayo tana neman inda muke.

Sanyi ake yi a zauren, kuma ban zo da kwat ba, shi ya sa na sayi rigar. Dala tamanin, Allah ya isa. Alƙalamin na aljihuna, sai na rubuta sunan gidanmu, PETTWAY, a bayanta, manya-manya. In Ledbetter ya tambaya, sunana ne. Na riga Shondra amsa shi.