Abin da Ya Kwanta a Gindin Jarka

Zuwa ga uwar Ƙarama,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya Ƙarama, yaya Inna da ɗawainiyarku? Ni lafiya lau, in ban da hannuwan nan.

Na koma wurin likita. Ya juya su, ya dubi tsagewar, ya ce baƙin man da muke zuba wa injin yankan ƙarfe ne yake cin fatar. Ko in bar man, ko in bar aikin. To ina za ni? Abin da ya fi ci min rai, har yau ban taɓa 'yata da tafin hannu ba. Kin tuna ranar da aka haife ta, a kan damatsa kika ɗora min ita kamar mai ɗaukar itace.

Amma ga wani labari. Wata injiniya ta kawo mana jarka ɗaya ta gwaji. Man girki ne wallahi, an zuba masa wani gari da ƙwayarsa ta fi ƙarfin ido. Wai garin yana shiga tsakanin haƙorin inji da ƙarfe, yana mirginawa, yana kwashe zafi. Oga ya ce a gwada a injina. In haƙorin ya jure, mun rabu da baƙin mai.

Naki,
Baƙin Hannu

Uwar Ƙarama,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya, Ƙarama kuma ta daina kukan ciwon cikin nan.

Kin san me? Da man ya yi zafi, sai wurin aiki ya ɗauki ƙamshin suya. Har mai walda ya leƙo da kwanonsa. Ni kuwa ina tsaye, ƙarfe na juyawa, yankansa na nannaɗewa yana sheƙi, sai in gan ni a ƙofar kicin, kin ba ni baya, Ƙarama ta girma tana jan zaninki. Har ƙwayoyin garin nake gani a zuci, suna birgima, kowace da ɗan zafinta a ka. Sai Oga ya daka min tsawa nake dawowa duniya.

Sai kuma na yi aika-aika. Bayan hutun ƙarshen mako na tarar wani abu toka-toka ya kwanta a gindin jarka. Na ce datti ne. Na tsiyaye na saman tas, yadda kike yi bayan suya, na zubar da lakar, har ina yaba wa kaina. Ashe garin ne! Garin neman gira na rasa ido. Kafin rana ta take haƙori ya ƙone, Oga ya ce a dawo da baƙin mai. Hannuwan da suka fara warkewa sun sake tsagewa. Na zauna bayan inji na yi hawaye, ba zan ɓoye miki ba.

Ki gaishe da Inna.
Baƙin Hannu

Uwar Ƙarama,

Ina gaisuwa, ina kewarku. Allah ya sa wannan ta same ku cikin ƙoshin lafiya.

Injiniya ta dawo, na faɗa mata komai a gaban Oga. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce kwanciyar garin nan ita ma da ita take fama, kuma ta manta ba ta ce a riƙa girgizawa ba. Ta roƙi Oga, da kyar ya yarda da jarka ta biyu.

Yanzu kowace safiya sai in rungumi jarkar a kafaɗa, ina jijjiga ta, ina kai da komo tsakanin injuna. Abokan aiki suna tambaya ko ta yi gyatsa. Na ƙyale su, ba su san koyon reno nake yi ba.

Haƙori ya jure. Fatar ma ta haɗe, jiya na shafa fuskata ban ji kaushi ba.

Ina tafe ranar hutu. Ki bar min Ƙarama a shimfiɗe, ni zan ɗauke ta da kaina. In ta shinshina ta ji ƙamshin suya, ki ce mata babanta ne.

Naki,
wanda za ki nema wa sabon suna